Igiya a Hanyar Hasumiya

Keken muka fara gani kafin mu ga mai shi. Yana kwance a tsakiyar kwalta, daidai kwanar da hanyar hasumiyar fitila ke gangarawa bakin teku, tayar gaba ta lanƙwashe kamar murfin kwanon da mota ta taka. Keke ne ja, kuma duk Anse-Claire babu mai irinsa sai Léonie Deveau. A garinmu yadda ake sanin fuskar mutum haka ake sanin kekensa.

Mu ne 'yan keken Lahadi. Da zarar ƙararrawar coci ta buga ta farko mukan tashi daga ƙofar gidan burodina, mu bi bakin teku a jere, mu juyo daga hasumiya. Ulysse Deveau, tsohon ma'aikacin gidan waya kuma mahaifin Léonie, shi ke gaba tun ranar da aka kafa ƙungiyar. Ran nan ma shi ya kai hannu baya ya ba mu alamar mu rage gudu. Muka damƙe birki, muka sha kwana, sai muka ji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba.

Léonie tana cikin kwatar gefen hanya, hular kwanonta ta tsage biyu, tana numfashi amma ba ta san wanda ke kanta ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ta saba ɗaga mutane, yau ga mu cirko-cirko a kanta ba mu san inda za mu taɓa ba. Wata igiya ta saki tana kwance kan kwalta, gefe ɗaya a ɗaure jikin turken alamar hanya, ɗaya gefen jikin bishiya, daidai ƙirjin wanda ya sunkuya kan keke.

Norbert Saulnier, gurgun ƙungiyarmu, ya ɗingisa ya ɗaga igiyar.

"Shuɗi da rawaya," ya ce.

Ya dube ni, sauran ma suka dube ni. Kowane masunci a gaɓar nan yana da launin igiyar da yake ɗaure tarkon lobsta, wato manyan jatan landen teku, da ita, kuma shuɗi da rawaya na yayana ne, Désiré Pothier.

*

Baki shi ke yanka wuya, na Yaya Désiré kuwa ya daɗe yana wasa wuƙa. Gidansa da siton kayansa su kaɗai ne a hanyar hasumiya. Shekara da shekaru Ulysse yana neman majalisar gari ta hana a-kori-kura bin hanyar a ranakun hutu, a bar wa masu keke, masunta kuma suna cewa tun kafin a ƙera keke kakanninsu ke bin ta. A taron ƙarshe, gaban kowa, Yaya ya miƙe ya ce, "Wata rana sai na ɗaure muku igiya in ga ƙarshen iyayi!" Masunta suka tuntsire da dariya. Ni na san ko kyanwa ya gani a hanya sai ya tsaya ta wuce, amma ba a kai wa alƙali irin wannan shaida.

Kafin rana ta take 'yan sanda sun tafi da shi birnin Yarmouth. Ban ga laifinsu ba. Igiya tasa, magana tasa, mai shaidar inda yake da asuba kuwa matarsa ce kaɗai, Odile, wadda ciwon mantuwa ya cinye. Ba ta san ni ba, ba ta san gidan da ta tsufa tana sharewa ba. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya, kuma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nasa.

Na rufe gidan burodi na tare wajenta. Dama wa zai saya? Mutanen da suka saba cewa "Tine, ajiye mini biyu" sun koma tsallaka titi in sun hango ni. Na dafa wa Odile romon kaza da dankali irin wanda take so, ta datse baki, ta je ta tsaya a taga tana tambayar labule ko jirgi ya shigo. Matar ofishin jin daɗin jama'a ta zo ta gan ta, ta ce mini cikin ladabi in ba ta fara ci ba kafin ƙarshen mako za a ɗauke ta zuwa gidan tsofaffi a birni. Na san in Odile ta fita ƙofar nan, fitar ke nan.

*

Zélie Amirault tana zaune bayan gari, inda kwalta ta ƙare. A gadin daji ta yi ƙuruciyarta, kuma har yanzu in mafarauci ya bi barewa ya rasa hanya, ita ake fara kira kafin a tayar da jirgin sama. Ajinmu ɗaya a firamare, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi wa juna gori ba. Na same ta tana feraye dankali a bakin ƙofa.

"Tine mai burodi! Yau kuma kayan mutane aka sa? Ina matsattsen wandon nan naku?"

"Ba wasa ya kawo ni ba, Zélie."

"Na ji. Har barewa sun ji."

"To tashi."

Ta ci gaba da firar dankalinta kamar ban yi magana ba. "In na bi sawu, inda ya tsaya nan zan tsaya. In ƙofar yayanki ce, da bakina zan gaya wa hukuma. Kin yarda?"

"Na yarda."

"In kuma ƙofar wani ce da kike shan kofi da shi kowace Lahadi fa?"

"Ko ƙofar limamin cocinmu ce."

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a cinya, ta ɗauko sandarta.

*

Da yayana muka fara, a inda ake tsare da shi a Yarmouth. Aka fito mana da shi, ƙaton mutum ya koma kamar rigar da aka rataya a ƙusa.

"Ta ci?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Ta sha ruwa, Yaya."

"Kin ɗanɗana a gabanta tukun? Kin zauna ta hagunta? Kunnen dama ba ya ji."

"Duk na yi."

Ya sunkuyar da kai. Zélie ta ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa. "Désiré, dube ni nan. Ina kake rataye igiyarka?"

"Bayan sito. Duk garin nan wa bai sani ba?"

"Ka ji wani motsi da asuba?"

"Ina wanke ta. Ta ɓata shimfiɗa. In ina wanke ta ko tsawa ce ba na ji." Ya juyo gare ni da jajayen idanu. "Tine, su ɗaure ni shekara goma in suna so, amma su bar ni in riƙa zuwa ina ba ta abinci."

Sai da muka fito na yi kukana, a cikin mota, Zélie tana kallon gaba kamar ba ta ji.

*

A kwanar da abin ya faru ba ta daɗe ba. "Kun tattake wurin kamar garken shanu," ta ce, ta wuce gidan Yaya.

Tsakar gidan, daga bakin kwalta har bayan sito, an shimfiɗe shi da farfasasshen ɓawon katantanwar teku, kamar kowane gidan masunci a nan. Fari fat, ga kaifi kamar kwalba. 'Yan sanda sun bar sawun manyan takalmansu a ƙofar gida, amma Zélie ko kallonsu ba ta yi ba. Gefen kwalta ta bi, a sunkuye, tana jan ƙafa kamar mai neman allura. Can ta tsaya ta nuna da sanda. A cikin yashin gefen hanya akwai siririn layi, faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba. Ya sauko daga kwalta, ya tsaya cak.

"Taya," ta ce. "Zo ki ga wannan kuma. Takalmin agwagwar nan na wane ne?"

Na gane shi tun kafin in durƙusa. Takalminmu na keke yana da ɗan ƙarfe a ƙarƙashin tafi wanda ke maƙalewa a feda, shi ya sa in mun sauka muke tafiya a kan dunduniya, yatsu a sama. Sawun ya ratsa ɓawon, ya taka damshin da ke gindin sito, ya je har ƙusar da ake rataye igiya, ya dawo.

"Bayan ruwan daren Asabar aka yi shi," in ji Zélie. "Namiji ne, ko mace mai ƙafar namiji. Kuma ƙafar hagu ta fi nutsewa, zuwa da dawowa."

Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mini wuri ɗaya. Ba Yaya ba ne. Amma ɗayanmu ne, cikin mutanen da nake bin bayan tayarsu da tazarar tafin hannu, na ba su amanar wuyana.

"Norbert," na ce. "Shi ke ɗingishi."

Zélie ta jawo akwatunan kifi ta kife kan sawun da ya fi fitowa. Na kira Sajan Crowell, matar da binciken ke hannunta, ta zo ta duba ta ɗauki hoto, sannan ta gaya mini gaskiya: sawun mai keke a gidan da ƙanwar mai gida ke zuwa kullum da abokan kekenta ba zai buɗe ƙofar kurkuku ba. Ta ce mu kawo mata ƙafar da ta yi shi.

*

Ina da dalilin zargin Norbert. A-kori-kurar wani masunci ce ta bar shi da ɗingishin nan, kuma bai taɓa yafe wa masunta ba. Mun same shi a bakin ruwa yana haƙar katantanwa, teku ta janye.

"Ke da yayanki ya kusa kashe 'yar mutane, ke ce za ki zo kina tambayata?" ya ce.

"Ni ke tambaya, ba ita ba," in ji Zélie. "Ina kake da asubar Lahadi?"

"Inda nake kowace asubar Lahadi! Wa kike tsammani yana buɗe coci, ya kunna murhu, ya buga muku ƙararrawa, sannan ya tarar da ku a hanya? Mala'iku? Je ki tambayi Fada, tare muka sha shayi."

Kunya ta kama ni, don na san da haka, fushi ne ya rufe mini ido. Zélie kuwa ba fuskarsa take kallo ba, yashin da ya tako take kallo.

"Ku gode wa Allah da Ulysse," Norbert ya ci gaba, yana soka cebur a ƙasa. "Da bai ba mu alama da hannu ba, da mun afka kanta gaba ɗaya. Bawan Allah, shi ya ceci kowa, tasa 'yar ce kawai bai ceta ba."

A hanyar komawa Zélie ta ce, "Ba shi ba ne. Gurgu yana jan ƙafa, taku ɗaya gajere ɗaya dogo. Namu takunsa daidai yake. Ƙafarsa lafiya lau, wani abu ne ke danne shi ta hagu."

*

Muka je asibiti. Léonie ba ta farfaɗo ba. Ulysse yana zaune a baranda, bai yi aski ba, rigar jikinsa ta ranar ce har yanzu. Mutumin da ya koya mini yin faci, ya tura ni da hannunsa a kan tudu ranar da na fara fita. Tausayinsa ya kama ni har na kusa fasa abin da ya kawo ni.

"Ulysse, Allah Ya tashi kafaɗunta."

"Amin, Célestine." Shi bai taɓa kirana Tine ba, sai da cikakken sunana.

"Wa ya san za ta fita da wuri ran nan?" Zélie ta tambaya.

"Babu." Muryarsa kamar daga rijiya. "Ce mini ta yi tana aiki. Ashe musanya ta yi da wata. Wai ta riga mu isa hasumiya, ta jira mu da kofi, ta ba ni mamaki. Ba wanda ke bin hanyar nan kafin ƙararrawa, Zélie. Ba a taɓa yi ba."

Na durƙusa a gabansa, ban san lokacin da na yi ba. "Ka san Yaya tun kuna yara. Kun yi faɗa, amma ka san ba zai aikata ba. In kai ka faɗa, za a saurare ka. Odile ba ta ci, Ulysse. Za ta mutu."

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Kada ki sa ni magana, Célestine. Don Allah ki tafi."

A waje Zélie ta tsaya tana kallon tsuntsayen teku. "In ba wanda ya san za ta fita, ba ita aka ɗana wa ba," ta ce. "Ku aka ɗana wa. To wane mahaukaci ne zai ɗana tarko a hanyar da shi ma zai bi?"

*

Washegari na leƙa gida na ɗauko kaya, na dawo gidan Yaya a kan kekena. Odile ta daina tsayuwa a taga, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Zélie tana zaune kan akwatin kifi tun safe, ta zuba wa sawun nan ido kamar mai jiran ya yi magana. Na tsaya a bakin kwalta, na sauka, na saɓa keke a kafaɗa, na nufo ta.

"Tsaya nan!" ta daka mini tsawa. "Kada ki motsa. Me kika yi yanzu?"

"Me na yi?"

"Abin da aka yi don ya ɗauke ki, ke kika ɗauke shi. Kin haukace ne?"

"Ɓawon nan yanka taya yake yi, Zélie. Ba mai hankalin da zai tura siririyar taya a kansa."

Ta zagayo ta duba sawuna. Na dama ya fi nutsewa. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe kaya ne a kafaɗarsa. Bai bar keken a bakin hanya ba don kowa zai gane shi, bai kuma iya tura shi ba don yana jin tausayin taya. Mutum zai je aikata mugun abu, amma yana tausayin taya! Ku dai sai addu'a. To me ya sa kika ɗora a dama?"

"Kaca tana gefen dama na keke. In kin ɗora a kafaɗar dama, kaca tana waje. In kin ɗora a hagu, baƙin mai zai goge miki riga. Ko bahago a dama yake ɗauka, abin da ake fara koya wa mutum ke nan."

"Namu a hagu ya ɗauka."

"Sai dai in kafaɗar damansa ba ta ɗaukar nauyi."

"Wa ya taɓa karya ta a cikinku?"

Na fara lissafi a zuci, na bari. "Rabinmu. Ƙashin kafaɗa shi ne kuɗin shiga ƙungiya. Wa ya riƙe ta dama ce ko ta hagu?"

"To tara mini su," ta ce. "Kowa da kekensa."

*

Tara su bai yi wuya ba. Dama ƙungiya ta shirya fita ta musamman saboda Léonie, a je hasumiya a yi mata addu'a, kuma sun matsa wa Ulysse ya ja gaba, wai ita ma haka za ta so. Na aika musu cewa iyalin Pothier suna da magana, su biyo ta gidan Yaya a kan hanyarsu ta dawowa. Suka ɗauka haƙuri zan ba su. Wa zai ƙi zuwa kallon mai tsiwa tana ba da haƙuri?

Ranar teku ta tashi da iska mai ture mutum. Na tsaya a bakin kwalta na tare su. "Ku shigo da kekunan bayan sito, iska za ta watsar muku da su a nan."

Zélie tana jingine da sito, sanda a hannu. Sajan Crowell tana cikin motarta can gefe. Ɗaya bayan ɗaya suka sauka, suka saɓa kekuna. Dama. Dama. Norbert ma dama, yana ɗingishi yana mita. Na ce a raina in duk suka wuce a dama, Odile ta tafi.

Ulysse ne ƙarshe. Ya daɗe a bakin kwalta yana kallon farin ɓawon nan. Sannan ya zagaya ta gefen kaca, ya sunkuya, ya ɗora keken a kafaɗar hagu. Hannu ne ya yi abin da ya saba, ba tunani. Sai a lokacin na tuna ta dama ce ya taɓa karyawa.

Zélie ta bari sai da ya iso gindin sito, ya taka damshi. "Tsaya a nan, Ulysse." Ta sa sanda ta ture akwatin kifi. Tsohon sawu da sabo suna kwance gefe da gefe, girma ɗaya, cin dunduniya ɗaya, hagu ta fi nutsewa. A kwiɓin rigarsa kaca ta bar baƙin layi.

"Wannan bayan ruwan daren Asabar aka yi shi," ta ce da jama'a. "Ya je ƙusar igiya ya dawo. Ni dai sawu na bi, kuma nan ya tsaya."

"Ke Zélie, ki ji tsoron Allah!" wata ta ce. "'Yarsa ce fa a kwance!"

Norbert ne ya yi magana, a hankali, ba irin muryarsa ba. "Ulysse. Ranar nan a ina ka ba mu alamar mu rage gudu? A gindin dutsen nan ne, ko ba haka ba? Daga can ba a hango kwanar. Ni na bi hanyar nan fiye da yadda na bi hanyar gidanmu, ba mu taɓa rage gudu a can ba."

Ulysse ya sauke keken, ya ajiye shi kan ɓawon, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni zan fara isa," ya ce. "Kullum ni ke gaba. Zan tsayar da ku, mu ga igiyar tare, mu ɗauki hoto mu kai majalisa. Désiré ya faɗa da bakinsa, kowa ya ji. Ba wanda zai ko ƙuje. Hanya kawai nake so a bar mana, kafin wata rana mota ta kashe mini wani." Muryarsa ta karye. "Ta ce tana aiki."

Na yi zaton in ranar ta zo zan ji sanyi a raina. Wuta na ji.

"Wannan tsakaninka da Allah da 'yarka ne," na ce. "Amma na durƙusa a gabanka, Ulysse. Na gaya maka matar nan ba ta ci. Ka dube ni ka ce in tafi."

"In ta farka, me zan ce mata, Célestine? In ce ni ne?"

"E. Haka za ka ce."

Sajan Crowell ta riga ta fito daga mota. Bai jira ta kira shi ba, ya nufe ta yana tafiya a kan dunduniya. Zélie ta saɓa sandarta. "Nawa ya ƙare," ta ce da ni. "Je ki ɗora tukunya."

*

Da yamma washegari aka sako Yaya. Ranar ce kuma Léonie ta motsa yatsu, likitoci suka ce akwai fata. Ni na ɗauko shi daga Yarmouth, kuma duk tsawon hanya bai tambayi wanda ya yi ba, bai zagi kowa ba. Cewa kawai yake in ƙara wuta.

Odile tana kan kujerarta, an lulluɓe ta da bargo, ta zama kamar tsuntsuwa. Ya wanke hannu, ya zuba romo a kwanonta, ya jawo kujera ya zauna ta hagunta.

"Odile. Na dawo."

Ta juyo ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, sama da ƙasa, da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ta ce. "Daga bakin ruwa kake? Ko ka ga mijina? Désiré sunansa. Ya daɗe bai dawo ba."

Na dafa bango. 'Yan kwanakin nan sun tsinke zaren da ya rage. Yaya ya dubi cokalin da ke hannunsa. Na ɗauka zai tashi ya fita. Sai ya gyara zama, ya ɗebo romo, ya hura.

"Na gan shi," ya ce. "Yana nan lafiya, aiki ne ya riƙe shi. Shi ya aiko ni. Ya ce in zauna nan, kada in tashi sai kin cinye."

"Shi ya ce?"

"Da bakinsa."

Ta yi ɗan tunani. "Haka yake da naci," ta ce, ta buɗe baki.

Ya ba ta cokali na farko, ya goge mata haɓa da babban yatsa, ya sake ɗebowa.

"Gobe ma za ka zo?" ta tambaye shi.

"Kullum," in ji Yaya. "Har ya dawo."